Launin da Muka Gyara da Hannunmu

Duk wanda ya yi wasan kwamfuta a Kano tsakanin 2012 da 2017 ya san irin na'urorin da muke lallaɓawa. Laftof ne 'yan gwanjo, waɗanda ake ce wa Beljiyam, akasari daga titin Beirut aka sayo su. Allonsu ƙarami ne, launinsa a koɗe: in ka sunkuya hoto ya yi duhu, in ka ɗaga kai ya yi fari fat. Kaɗan ne a cikinsu ke da katin hoto na daban. Da su muke buga PES 2013, mu zaga Los Santos a GTA San Andreas, mu tsere wa 'yan sanda a Need for Speed Most Wanted. Sai mu ga hotunan waɗannan wasanni a intanet, ciyawar fili kore shar, sama garau, mu dubi namu mu rasa abin cewa. A lokacin kowa ya ɗauka kuɗi ne kaɗai ya raba mu da masu waɗancan hotuna.

A filashin wani abokin yayana na fara ganin SweetFX. Folda ce 'yar ƙarama, ba ta kai nauyin waƙa ɗaya ba, ga 'yan fayiloli a ciki: d3d9.dll, injector.ini, da wani mai suna SweetFX_settings.txt. Wani ɗan Denmark da aka fi sani da CeeJay.dk ne ya harhaɗa manhajar a 2012, ya sake ta kyauta. Kafin ita akwai ENBSeries ta Boris Vorontsov ɗan Rasha, wadda ta yi suna a GTA da Skyrim, sai dai tana son na'ura mai ƙarfi, kuma kowane wasa da irin tasa. SweetFX kuwa ba ta da tsada ga na'ura, kuma wasannin DirectX 9 da muke da su kusan duk suna karɓarta. Ka zuba fayilolin kusa da fayil ɗin da ke buɗe wasan, ka kunna, ka danna Scroll Lock. Nan take hazon da ke kan hoton ya yaye.

Na daɗe ina jin daɗinta kafin in gane dabarar da ke ciki. Idan wasa zai tashi yana neman d3d9.dll, fayil ɗin da yake bi ya isa ga katin hoto, kuma Windows kan fara dubawa a foldar wasan kafin ta je tata ma'ajiyar. To a nan manhajar ke zama da sunan wancan fayil. Duk saƙon da wasan ya aiko sai ta miƙa shi ga na ainihi, amma daf da a nuna kowane hoto a allo, sai ta tare shi ta gyara launinsa da kaifinsa. Aikinta irin na mabuga ne: an riga an saƙa, an rina, su nasu fito da sheƙi, ba sa ƙara zare ko ɗaya. Shi ya sa ba ta iya sabunta fuskar ɗan wasa ko ƙara ganye a bishiya, kuma shi ya sa duk abin da ta yi wa fili sai ta yi wa rubutun maki da agogon wasa, don a wurinta duk hoto ɗaya ne.

Wannan dabara ita ce ƙarfinta, ita ce kuma tushen duk matsalolinta. Wani lokaci ka danna wasa, allo ya yi baƙi, ya dawo da kai inda ka fito ba ko sallama. Akwai wani mai gyaran kwamfuta a unguwarmu, muna ce masa Malam, shi ya ɗora ni a hanya. Na kai masa laftof ina lissafa abubuwan da nake zargi, sai ya ce, "Ɗana, cire abin da ka sa tukuna. In wasan ya tashi, mun san inda za mu duba. Daga nan abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba."

Da wannan ƙa'ida na bi matsalolin ɗaya bayan ɗaya har na san su. Wasan DirectX 9 yana son d3d9.dll, na 10 da 11 kuwa dxgi.dll suke nema. In ka ba wasa wanda ba nasa ba, ko dai ya yi biris da shi ko ya faɗi. Fayil ɗin bit 32 ba ya shiga wasan bit 64. Wasu wasannin suna ɓoye ainihin fayil ɗin buɗewa a wata folda ta can ciki, wanda ke waje ɗan aike ne kawai. In an ce d3dx9_43.dll ya ɓata, kunshin DirectX na Yunin 2010 ake ɗorawa. Anti-bairos kan ɗauke fayil ɗin a ɓoye saboda yana shiga cikin wata manhaja, manhajojin ɗaukar bidiyo da masu nuna saurin wasa a kusurwar allo kuma sukan yi karo da shi, don dukansu ƙofa ɗaya suke bi. Mai son haɗa ENB da SweetFX sai ya sake wa ɗaya suna, ya rubuta sabon sunan a enbseries.ini don na farko ya kira na biyu. Har maɓallin kunnawa yakan zama aiki, domin laftof da yawa ba su da Scroll Lock a fili: sai ka buɗe injector.ini ka mayar da lambar maɓallin daga 145 zuwa 45, aikin ya koma kan Insert. Fiye da duka, na koyi buɗe fayil ɗin log, inda manhajar ke rubuta duk matakin da ta bi har inda ta tsaya. Layin ƙarshe yakan faɗi gaskiya.

Sai dai darasin da ya fi zauna mini ba a kan wasan da ya ƙi tashi na same shi ba, a kan wanda ya tashi lafiya ne. Muna sauke saitin da wasu suka tsara, masu sunaye na burgewa, mu ɗora a PES. Fili ya yi kyau, riguna su ɗauki ido. Amma da kyamara ta matso kan Yaya Toure ko Mikel Obi, musamman a wasan dare ko a ɓangaren filin da inuwa ta rufe, sai fuskar ta dunƙule ta zama baƙi ƙirin, ba ka ganin goshi ba ka ganin kumatu, sai fararen idanu. Haka CJ, jarumin wasan, yake komawa da zarar rana ta faɗi a San Andreas. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin irin fatarmu ce take ɓacewa.

Da na bi saitin layi-layi sai dalilin ya fito. Hasken allo ana auna shi daga 0 zuwa 255. Akwai matata mai suna Levels, wadda a saitinta na asali take mayar da duk abin da ke 16 zuwa ƙasa baƙi tsantsa, abin da ya kai 235 kuma fari tsantsa. Ga Curves kuma, mai ƙara wa duhu duhu, haske haske. Baƙar fata a ƙasan ma'aunin nan take zaune, don haka ita ce farkon abin da ake murƙushewa. Ban ɗauka waɗanda suka tsara saitin sun yi da gangan ba. Sun auna ne da allonsu mai kyau, da fuskokin da idonsu ya saba dubawa. Maganin yana hannunmu: a sauke iyakar baƙin kusa da 0, a rage ƙarfin Curves, a ɗan ɗaga inuwa da LiftGammaGain, a bar launi ga Vibrance, wadda ta fi taɓa launin da ya koɗe ta ƙyale wanda ya riga ya cika. Akwai kuma Splitscreen, mai raba allo biyu, rabi na asali rabi gyararre. Da ita nake tsayar da hoto a kan fuskar ɗan wasa, in yi ta matsar da lamba kaɗan-kaɗan har fatar ta fito da ɗuminta da sheƙinta. Tun daga lokacin fuska ce ma'aunina. In ta fito daidai, sauran hoton ba ya wuya.

Bayan haka ReShade ta zo, aikin wani Bajamushe da ake kira crosire, ta haɗiye matatun SweetFX ta ƙara nata. Fitowa ta 3, a 2016, ita ta kawo allon saiti a cikin wasan kansa: ka danna Shift da F2, daga baya aka mayar da shi maɓallin Home, ka ja ma'auni kana ganin sauyin a gabanka. Ta zo da sabbin matsaloli. In jerin matatu ya fito wayam, hanyar foldar reshade-shaders ce ba a nuna mata ba. In jan rubutu ya cika saman allo, galibi ReShade.fxh ne babu. Ga kuma batun zurfi, wato bayanin nisan kowane abu daga kyamara, wanda matatu irin su MXAO ke dogara da shi wajen zana inuwa a lunguna. Da DisplayDepth ake duba shi. Wani wasan yakan ba da shi a juye, wani a kife, wani kuma sai ka kashe saitin MSAA na wasan kafin ya bayyana. In wasa yana kan intanet, ReShade da kanta take rufe wannan bayani don kada a yi maguɗi da shi. Duk da haka, a Fabrairun 2018 masu wasan PUBG suka hana amfani da ita, domin ƙarin kaifi da launi na taimaka wa mutum ya hango abokin gaba daga nesa. Na ga adalcin hukuncin: gyara wa idonka hoto daban, neman fifiko a kan wanda kuke fafatawa daban.

Raunin na'urorinmu ya yi mana rana a nan. Mai babbar kwamfuta zai kunna matata goma bai ji a jikinsa ba. Mu kuwa kowace ɗaya sai mun biya: LumaSharpen da Vibrance kusan kyauta ne, amma ka kunna Bloom ko MXAO, wasa ya fara sarƙewa, fanka ta hau kuka, ga zafin bazara. Dole muka san aikin kowace matata da abin da take ci, muka koyi wadatuwa da uku ko huɗu waɗanda muka fahimta.

Yau gyaran hoto da bidiyon biki nake yi, kuma kusan kullum sai na tarar da tsohuwar matsalar a sabon wuri: matatun waya da ke wanke fuskar amarya har ta fita daga kamanninta, ko saitin da aka sauke ya haɗiye fuskar ango a cikin inuwar rumfa. Yaran da ke koyon aiki a wurina sukan ce, "Oga, tura mana saitinka." Ina tura musu, amma da sharaɗi: su kashe komai, su kunna ɗaya bayan ɗaya, su faɗa mini abin da kowanne ya yi wa fata. Wanda ya iya wannan ba ya sake jiran wani ya zaɓa masa yadda shi da mutanensa za su fito a hoto, kuma abin da nake so su bar shagona da shi ke nan.