Mai Ɗaki da Baƙonsa

Mu da muka yi karatun boko mun saba da kalmar haɗin gwiwa. Ita muke fara rubutawa duk lokacin da aka tura mu ƙauye da aikin raya karkara. Sai dai kuma tarihin manoman shinkafa na bakin teku ya isa ya sa mu sunkuyar da kai.

Mu ɗauki yankin Kasamas da ke kudancin Senegal. Tun kaka da kakanni Jolawa suke noman shinkafa a cikin laka mai gishiri. Sukan gina ganuwar laka su tare ruwan teku, su bar ruwan damina ya wanke gishirin sannu a hankali, ba tare da ƙasar ta bushe ƙayau ba. A shekarun 1960 wani kamfanin Holan ya zo da masanansa, aka haƙa magudanai domin a tsane ƙasar. Da iska ta ratsa lakar, sai farar wutar da ke cikinta ta mayar da ƙasar mai tsami, shinkafa ta ƙi yi. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma baƙon nan bai tsaya sauraron mai ɗaki ba.

Haka nan a Gambiya, maƙwabciyar Kasamas, a 1984 aka fara aikin Jahali-Pacar a gaɓar kogin da ruwansa ke hawa da sauka tare da teku. Tun asali mata ne ke noman fadamun, kuma suna da nasu rabon na kansu. An rubuta sunayen mata da yawa a rajista, amma ikon gona da amfaninta ya koma hannun magidanta. Daga nan mata da dama suka ƙi yin aiki sai da lada.

Abin da ke damunmu shi ne, a irin waɗannan ayyuka ire-irenmu ne tafintoci da masu riƙe rajista. Mukan tara jama'a a gindin bishiya bayan an gama zana taswira a ofis, mu karɓi tafi, mu rubuta cewa an yi shawara. Manomin da ya yi shiru a taron yana ganin wanda ke riƙe da makullin ƙofar ruwa, ya kuma san ba shi ba ne.

Idan aikin ya lalace, mu sai a yi mana canjin wurin aiki. Shi kuwa da iyalinsa, wannan gonar ce abincinsu. Saboda haka ya wajaba mu nemi shawararsa kafin a ɗora alƙalami a kan taswira, mu kuma yarda cewa yana da ikon cewa a'a. Allah Ya sa mu gane.