Ta Ina 'Yan Jaridar Intanet na Maiduguri Suka Biyo?

Ni mai tsaron kafe ne a wajajen Post Office a shekarun da babu wanda ake kira ɗan jaridar intanet a Maiduguri. Aikina in tayar da janareta, in yanka wa mutane tikitin awa ɗaya ko rabin awa, in buga wa ɗaliban jami'a firojet, in taya dattawa buɗe imel. Difloma ce da ni daga Ramat Polytechnic, a fannin da ko kusa bai haɗa hanya da jarida ba. Sai dai maigidana ya kafa farantin tauraron ɗan'adam a kan rufin shagon, kuma farantin nan shi ya riƙa tara mini wakilan jaridu a ɗaki ɗaya kowace la'asar. Shi ya sa yau idan aka tashi gabatar da wani ƙwararre a taron bita, ana jero digirinsa da ƙasashen da ya je kwas, nakan ji an tsallake rabin labarin.

Waɗanda na tarar a aikin mutanen takarda ne da rediyo. Wasu sun karanta aikin jarida a Jami'ar Maiduguri, wasu sun fara a BRTV ko NTA suna ɗaukar wa na gaba da su kyamara da rakoda, wasu kuma tsofaffin malaman makaranta ne da iya Turanci ya jawo su. Da yawansu da biro suke rubuta labari, su miƙo mini takardar: “Yaro, buga mini wannan, Abuja na jira.” Ina bugawa, mutum na tsaye a kaina da waya a kunne, edita na yi masa tambayoyi daga can. Tambayoyin ba sa canzawa. Wa ya gaya maka? Da idonsa ya gani ko ji ya yi? Ka nemi kakakin 'yan sanda? Na ga dattijo mai furfura ya sa na goge sakin layi guda da na gama bugawa, don kawai mutum na biyu da zai tabbatar masa da maganar bai ɗauki waya ba. A bakin waɗannan mutane na koyi aikin, ina zaune a kujerar mai buga rubutu.

Rikicin ƙarshen Yulin 2009 ne ya fara girgiza wannan tsari, kuma daga kasuwar waya girgizar ta taso. Bayan kashe Muhammad Yusuf, jagoran ƙungiyar da ta gwabza da jami'an tsaro a rikicin, a ranar 30 ga watan, bidiyon tambayoyin da jami'an tsaro suka yi masa da hotunan gawarsa suka shiga wayoyin jama'a ta Bluetooth. Masu gyaran waya da masu zuba wa mutane waƙoƙi da finafinai a memori suka wayi gari su ne mafi saurin rarraba labari a garin, ba tare da sun nufi haka ba. Da Aljazeera ta nuna bidiyon yadda aka harbe mutane marasa makami a bakin titi, a Fabrairun 2010, duniya ta kaɗu, mu kuwa mun riga mun ga irinsa a ƙananan allunan wayoyinmu.

A cikin 'yan jarida, wanda ya fi kowa sanin ƙungiyar shi ne Ahmad Salkida, wakilin Daily Trust, ɗan jihar Borno, wanda ya riƙa rubutu a kan Yusuf da mabiyansa tun yawancin ƙasar ba ta san sunansu ba. Sanin ya zo masa da tsada. Ya bar ƙasar zuwa Dubai a 2013, a Agustan 2016 sojoji suka shelanta suna nemansa, ya dawo da ƙafarsa ya amsa kira. A 2020 ya kafa HumAngle, jaridar intanet da ta keɓe kanta ga rikice-rikice da halin da waɗanda rikicin ya ɗaiɗaita suke ciki. A takardar tarihin aiki wannan layi uku ne. Mu da muke garin mun san shekarun fargabar da ke tsakanin kowane layi da na ƙasansa.

Ranar 22 ga Oktoban 2011 aka harbe Zakariya Isa na NTA a ƙofar gidansa. Daga ranar sunaye suka fara ɓacewa daga saman labarai. Mutum ya rubuta, ya roƙi edita a sa “daga wakilinmu”, ko ya ari wani suna. A daidai lokacin ne jaridun intanet suka fara neman mutane a Maiduguri, kuma su kansu hanyoyi biyu suka biyo. Sahara Reporters, wadda Omoyele Sowore ya kafa a New York a 2006, ta fito ne daga gwagwarmaya, don shi jagoran ɗalibai ne da ya karanta jogirafi a Jami'ar Legas. Premium Times kuwa, da ta fara a 2011, tsofaffin ma'aikatan jaridar NEXT ne suka kafa ta, irin su Dapo Olorunyomi da Musikilu Mojeed, mutanen da suka ƙoshi da horon ɗakin labarai. Dukansu ba sa jiran gobe. Bam ya tashi da hantsi, kafin azahar ana son labari. Wakilai irin su Abdulkareem Haruna, wanda ya yi Leadership, ya yi Premium Times, daga baya ya koma HumAngle, su suka haɗa tsohon horo da sabon sauri, kuma a ganina su ne ginshiƙin abin da ake kira aikin jarida na intanet a arewa maso gabas.

Nan ni ma na tsallaka. Ɗaya daga cikin manyan da nake buga wa rubutu ya fara aikena, don ba zai iya kasancewa a wuri biyu ba. Abin da ya gaya mini rana ta farko shi ne: “Je ka asibiti. Kada ka tambayi kowa adadi. Ka tsaya ka ga motocin da suka shigo, sannan ka nemi mai kula da ɗakin ajiye gawa, ka gaishe shi da kyau, ka ce ni na turo ka.” Na ce, “Baba, in ya ƙi magana fa?” Ya ce, “To ka dawo ka ce ya ƙi. Wannan ma labari ne. Wanda ba na so shi ne ka cika mini da ƙiyasi.”

Shekarar 2013 ita ce ta tace kowa. Ranar 14 ga Mayu Shugaba Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, cikin 'yan kwanaki aka kashe layukan waya gaba ɗaya. A watan Yuni kakakin rundunar haɗin gwiwa ta JTF, Laftanar Kanar Sagir Musa, ya sanar da haramta wayar Thuraya ma. Gari mai ɗauke da mutane sama da miliyan ya koma aike da takarda da baki. Mai son jin muryar ɗansa da ke Kano sai ya shiga mota ya wuce Damaturu da Potiskum, har ya taka ƙasar Bauchi kafin sabis ya shigo, a kan hanyar da a watan Satumban shekarar aka yi wa matafiya kisan gilla a Benisheikh.

Kafe masu faranti kaɗai suka rage. Namu ya cika har waje. 'Yan kasuwa, ma'aikatan banki, iyaye masu neman aika saƙo, ga kuma 'yan jarida da ke jiran kwamfuta ta samu sarari kafin dokar hana fita ta kama. Babu wanda za ka buga wa waya ya tabbatar maka da komai. Idan aka ce an kai hari a wani ƙauye, sai ka hau keke napep, don tun 2011 aka hana acaɓa, ka tafi tashar da motocin yankin ke sauka, ka zauna da direbobi da matan da suka iso da yara a goye, ka ji daga wannan ka ji daga wancan. Wanda ya iya Kanuri ko Shuwa ko Babur ko Marghi ya fi mai babban kwali daraja a ranakun nan. A watannin ne matasan unguwanni suka fito da gora suna tsare layukansu, kuma ɗan jarida sai ya bi ta shingensu da na sojoji, yana bayanin kansa a kowanne. Duk wanda na sani da ya yi wannan zamani ya kuma tsaya a aikin, har yau ba ya sakin labari da gaggawar da za ta kunyata shi. Abin mamaki ne a ce mutanen da suka fi iya aikin intanet a garinmu sun ƙware ne lokacin da babu sabis, amma haka na gani.

Daga 2015 ƙofofi suka yawaita. Fati Abubakar aikin jinya ta karanta a Jami'ar Maiduguri, ta yi digiri na biyu a kiwon lafiyar al'umma a Landan, ta dawo gida ta ɗauki kyamara ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram. Ta riƙa nuna 'yan makaranta, da amare, da 'yan kasuwa, da tsofaffi a ƙofar gida, a lokacin da duniya ba ta san komai game da mu ba sai gawa da ɓaraguzai. Ina ganin jinyar ce ta koya mata yadda ake tunkarar mai ciwo ba tare da an tozarta shi ba, kuma ana ganin hakan a hotunan. Rediyon Dandal Kura ya fara watsa shiri da Kanuri da Hausa a gajeren zango daga Kano a shekarar, kafin ya dawo Maiduguri, ya ɗebi matasa da yawa ya koya musu tace murya a kwamfuta. Wasu sun shigo ta tafinta, suna raka 'yan jaridar ƙasashen waje sansanonin 'yan gudun hijira bayan sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014, har suka gane cewa su ne ke nemo labarin, wani ke sa suna. Hauwa Shaffii Nuhu ta HumAngle, wadda ta yi ta zuwa Borno tana rubutu a kan matan da aka raba da mazajensu, lauya ce.

To mene ne ya haɗa ma'aikaciyar jinya da lauya da tsohon malamin makaranta da mai tsaron kafe? A duk waɗanda na ga sun ɗore, akwai wani wuri a baya da aka taɓa tilasta musu su sake dubawa kafin su furta: ɗakin majinyata, ko kotu, ko aji, ko gaban edita mai zafi. Kuma suna da adireshi. Ranar 6 ga Janairun 2019 sojoji suka shiga ofishin Daily Trust na Maiduguri suka tafi da Uthman Abubakar da Ibrahim Sawab, kan labarin shirin ƙwato Baga. An san inda za a same su saboda sun sa sunansu a aikinsu. Mai shafin Facebook da ba a san fuskarsa ba, ya rubuta an kashe mutum ɗari ya kwanta barci, babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa, kuma babu uwar da za ta tare shi a hanya ta ce ɗanta na raye.

Ba ina raina 'yan shafuka ba ne. A 2021, da aka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu, na ga yara suna biyan kuɗin caji a shago daga aljihunsu don su ci gaba da sanar da mutane halin hanya. Daren 9 wayewar 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Gwange da Fori da Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa, waɗannan yaran ne suka fara nuna inda mutane suka maƙale a kan rufi, kuma an ceci rayuka ta dalilinsu. Amma a ranakun ne kuma na ga hotunan ambaliyar wasu ƙasashe ana cewa Maiduguri ce, na ga lambobin asusun banki na ƙarya a ƙarƙashin hoton yaro yana kuka. A ɗan ofishin da nake aiki wata yarinya da ta karanta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ita ta riƙe jerin yaran da suka ɓace. Ba ta sa suna sai ta yi magana da wanda ya kawo cigiyar, kuma ba ta cire suna sai ta ji daga bakin uwa ko uba. Na tambaye ta inda ta koyi haka, ta ce, “Yallaɓai, a lab in ka sauya wa kwalba suna ka kashe mutum.”

Abin da ke damuna yanzu shi ne masu koyarwar suna ƙarewa. Ƙungiyoyin agaji da suka cika garin sun kwashe da yawa daga cikin gwanayen wakilai zuwa ofisoshin yaɗa labaransu, kuma ban ga laifinsu ba, don jaridun intanet da dama ba sa biyan wakili abin da zai kai shi ƙarshen wata, wasu ma katin shaida kawai suke ba shi. Yaron da ya buɗe shafi yau yana iya tara mabiya dubbai bai taɓa zama gaban wanda zai ce masa “wa ya gaya maka” ba. Ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ tana da zaure a garin nan, jami'a tana da sashen koyar da aikin jarida da gidan rediyonta na Kanem FM, kuma da dama cikin waɗanda suka yi aikin 2013 suna nan da ransu, wasu sun yi ritaya suna zaune a gida. Ina so in ga an haɗa su da yaran shafukan a ɗaki ɗaya, ko da sau ɗaya ne a mako, a ɗauki labarin da yaro ya wallafa jiya a bi shi layi-layi, a kuma biya dattijon haƙƙin zamansa.