Zango Ba Kilomita Ba Ne: Kwana Biyu a Kan Keke Tsakanin Gaya da Ajingi

A hunturun 2023 na ɗaura aniyar zuwa Maiduguri daga Kano a kan keke, tafiyar da ta kusa kilomita 600. Abin da ya zaburar da ni shi ne labarin Mamadou Safayou Barry, ɗalibin nan ɗan ƙasar Gini, wanda a shekarar ya taka keke ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Cadi, da nufin kaiwa Jami'ar Azhar ta Alƙahira. Na shimfiɗa taswira na raba hanyar gida shida, kilomita 100 kowace rana, na kuma shaida wa abokan aiki ranar isata. Wannan alkawari ya zo ya fi kayana nauyi.

Tun da na haye gadar Wudil lissafin ya fara rushewa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, don haka duk wanda ya nufi gabas da ita yake kokawa. Kowace babbar mota ta wuce sai iskarta ta nemi jefa ni gefen kwalta, ƙura ta cika mini ido, leɓena ya tsage. Ban shiga Gaya ba sai bayan la'asar, alhali ko kilomita 70 ban cika ba. A daren na tuna da ruwayar Abagayawa, cewa daga wannan gari maƙeri ya tashi ya nufi Dala neman tama. Shi abin da ƙasa ta tanada ne ya tsara masa tafiya, ni kuwa takarda.

Washegari na ratse zuwa ƙasar Ajingi domin gaida goggona. Don in fanshi lokacin da na rasa, sai na bar titi na bi yanke ta burtali. Nan na san rairayi. Tayata siririya ce, ta kwalta, sai nutsewa take yi, ga tsidau baje a ƙasa. Kafin azahar na yi faci uku, sholisho ya ƙare, gorar ruwana ma ta ƙare. Na tura keken kusan awa biyu, manoma suna wuce ni a kan tsofaffin kekunansu, kowanne da buhu ɗaure a kariya.

A bakin wani ƙauye na tarar da dattijo mai faci a gindin tsamiya. Sai da ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya dubi tayar.

"Malam, ina aka nufa?"

"Maiduguri, Baba, in Allah ya yarda."

"Allah ya kai ka. To ina ne zangonka na yau?"

Na ce masa kilomita 100 na yanka wa kaina. Ya yi murmushi ya ce, "Ban tambaye ka tsawon hanya ba, ɗana. A ina za ka sha ruwa, wa zai sauke ka?"

Na rasa amsa, kuma na ji kunya, domin kalmar zango na sha koyar da ita a aji. Na sha bayyana wa ɗalibai cewa fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su auna yini da nisa kaɗai. Madugu da jagaba suna duba inda ruwa yake, da inda jakuna za su yi kiwo, da inda ayari zai kwana cikin aminci. Shi ya sa kalmar ta zarce wurin hutu ta zama sunan unguwannin baƙi a Kumasi da Akara. Ashe ma'anar a kaina take, ba ta sauka a ƙafata ba.

Baba ya sauya mini tib, ya rage wa tayar iska kaɗan don ta daina nutsewa, ya ce in riƙa tashi bayan sallar asuba kafin iska ta yi ƙarfi, in sauka idan rana ta take. A ɗakin goggona na sake raba hanyar, wannan karon da sunayen garuruwa da na mutanen da zan iya ƙwanƙwasa wa ƙofa: Dutse, Azare, Potiskum, Damaturu. Abu mafi wuya shi ne kiran abokan aiki in ce musu kwana shida ba zai yiwu ba. Na kira.

Na isa Maiduguri a rana ta goma sha ɗaya. Da zangon karatu ya dawo, na sake zuwa kan darasin kalmomin fatauci, sai na rufe ƙamus, na fara da tambayar da aka yi mini a gindin tsamiya.