Guga, Danƙo da Maganaɗisu: Yadda Muka Koyi Darasin Ƙarfi

Waɗanda suka shiga ƙaramar sakandare bayan an soma tsarin 6-3-3-4 a 1982 za su tuna darasin haɗaɗɗiyar kimiyya, da littafinsa wanda ƙungiyar malaman kimiyya ta Najeriya, STAN, ta tsara. A makarantu irin tamu, ɗakin gwaje-gwaje suna ne kawai, babu kayan kirki a ciki. Babi da yawa a kan allo muka gan su, a kan allo muka bar su. Amma babin ƙarfi ya fita daban, domin kayan aikinsa suna ko'ina a gari, kuma malaman lokacin sun san inda za su samo su.

Abin da ake fara gaya mana shi ne ƙarfi bai wuce turawa ko ja ba, kuma kashi biyu ne: wanda sai an taɓa abu yake aiki, da wanda ke aiki daga nesa.

Na farkon, a bakin rijiyar makaranta muka koye shi. Malam ya sa aka zura guga ta cika, kowa ya riƙe igiyar ya ji yadda ta miƙe ta ɗaure tamau tsakanin hannu da nauyin ruwa. Daga nan ya nuna mana gungumen da aka gitta a bakin rijiyar. Igiya ta ci shi layi-layi, wani ramin yatsa na shigewa ciki, ga shi sumul yana ƙyalli. Ya ce, "Ku taɓa. Igiyar kaba ce ta yi wa itace wannan aiki. Wannan ita ce gogayya." Ita ce ke sa tafin hannu zafi idan guga ta suɓuce, ita ce ke cinye dugadugan silifa, kuma ba don ita ba da birkin keke bai kama ba, da ƙafa ma ba ta tsaya a ƙasa ba. Danƙon harbin tsuntsu, wanda a kullum ake ƙwace mana, ran nan shi aka ɗora bisa tebur don nuna yadda abu mai talewa ke neman komawa yadda yake. Ƙarfin da ruwa ke tura abu sama kuwa, wanda ya taɓa ganin masunta sun kwanta bisa gora a Argungu ba ya buƙatar dogon bayani.

A kan gogayya ne muka fi jayayya, kuma a ganina nan ne zuciyar darasin. Malam ya ce abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya har abada muddin wani ƙarfi bai tare shi ba. Ajin ya ƙi yarda. Duk mun san mai tura kura yana sakin hannu take tsayawa. Ashe ra'ayinmu tsoho ne ƙwarai: haka Aristotil ya koyar a ƙasar Girka, cewa motsi na buƙatar mai turawa a kowane lokaci, aka yi ƙarnoni ana bin sa a kai. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, yana cikin waɗanda suka ja da wannan magana. Ya ce abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata zuwa motsi wanda ba ya ƙarewa da kansa, sai iska ko wani abu ya rage shi. Galileo ya bi da gwajin ƙwallaye a kan gangara, sannan Newton ya kafa abin da malaminmu ya faɗa a matsayin dokarsa ta farko a littafin da ya fitar a 1687. Malaminmu bai tsaya kan tarihi ba. Ƙwallon gilashi ya gangarar a kan yashi, sannan a tsakar gida mai daɓe, sannan a kan simintin aji, muka ga duk inda santsi ya ƙaru tafiyar na ƙara nisa. Ya bar mu muka ƙarasa lissafin da kanmu.

Kashi na biyu shi ne mai ban mamaki. Maganaɗisu a wajen mai gyaran rediyo muke roƙo, daga bayan lasifikar da ta mutu. Mu ɗaura masa zare mu ja shi cikin rairayi, ya fito da baƙin gari ya tsaya masa cirko-cirko. Sai biro na Bic: a goga a gashin kai, a kai shi kusa da yagaggun takardu, su yi tsalle su manne. Da hunturu abin ba ya kuskure, da damina kuwa da ƙyar, saboda laimar iska na kwashe cajin lantarkin da gogawar ta tara. Jan ƙasa shi ne na uku. An koya mana cewa saurin abin da ke faɗowa na ƙaruwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, dutse ne ko tsakuwa. Da muka kawo hujjar takarda mai saukowa a hankali, sai aka dunƙule ta aka sake ta tare da allin rubutu, suka dira kusan lokaci guda. Iska ce ke riƙe ta. A 1971 ɗan sama-jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka sauka tare.

Har yau ina jinjina wata tambaya da aka yi mana: guntun maganaɗisu ya ɗaga ƙusa daga ƙasa, alhali duniya da girmanta tana jan ƙusar nan. To wa ya fi ƙarfi? Masana sun tabbatar jan ƙasa ne mafi rauni cikin manyan ƙarfafa huɗu da suka gano, sauran su ne na lantarki da maganaɗisu a haɗe, da wasu biyu masu aiki a cikin ƙwayar zarra.

Yaran yanzu suna karanta babin nan, kuma da yawansu za su jero maka ire-iren ƙarfi ba gargada. Abin da ke damuna shi ne sau da yawa jerin ne kaɗai ke hannunsu. Aji ya cika ya batse, malami na tseren ƙare manhaja, fita bakin rijiya da yara ɗari ba wasa ba ne. Ban ɗora wa malamai laifi ba, amma ina ganin an yi hasara.

A namu lokacin, gwajin ƙarshe na zangon, ƙusa aka naɗe da wayar tagulla aka haɗa da batiran tocila, nan take ta soma kwasar allurai, ana cire waya ta zubar. Oersted ne ya gano a 1820 cewa lantarki na haifar da maganaɗisu, Faraday ya nuna a 1831 cewa maganaɗisu mai motsi na haifar da lantarki. A kan wannan ne madatsar Kainji, da aka kammala a 1968, take aiki: jan ƙasa ya sauko da ruwan Neja da ƙarfi, ruwan ya juya injin, injin ya juya maganaɗisu a tsakiyar naɗin waya, wuta ta kama hanya zuwa garuruwa.