Daga Sakkwato zuwa Fakku

Bayan mun idar da sallar asuba a birnin Shehu, sai muka kama hanyar kudu da niyyar isa Fakku ta ƙasar Kebbe, lokacin kuwa kaka ce, dammunan gero na jibge a bakin gonaki. Muna gab da Boɗinga wani dattijo da ke gefena ya nuna gabas da haɓa, ya ce, “Malam, can ne kufan Satiru.”

A watan Fabrairu 1906, talakawan wannan ƙauye, waɗanda galibin makamansu gatari ne da fartanya, suka kashe Turawa uku da sojojinsu 25. Ranar 10 ga Maris kuwa, da rundunar Manjo Goodwin ta iso da bindiga mai ruwa, aka hallaka mutane wajen 2,000, aka rushe garin ƙurmus, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya la'anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Allah ya jiƙan musulmi. Shagari, inda rundunonin Nasara suka haɗu kafin su ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, mun wuce ta ba tsayawa.

Da muka bar Tambuwal muka nausa wajen Kebbe, ina duban gonakin da har yanzu ke hannun jikokin waɗanda suka sare dajinsu, sai al'amarin waɗansu al'ummai ya faɗo mini: Cherokee na Amurka da aka kora daga ƙasar kakanninsu a 1838, da baƙaƙen Afirka ta Kudu da dokar 1913 ta keɓe wa kimanin kashi 7 cikin 100 na ƙasarsu. Mu nan, ko da yake dokar 1910 ta sa ƙasa duka a ƙarƙashin ikon Gwamna, Bature bai zo da iyalinsa da shanunsa ya zauna ba. A ganina ba rahama ce ta hana shi ba, illa zafi da zazzaɓi, da kuma lissafin cewa karɓar haraji da jangali ta hannun sarakuna ya fi riƙon garma sauƙi da riba.

Hanya ta yi ta wahalar da direba, sai bayan la'asar muka shiga Fakku, muka tarar da mai masaukinmu a gindin rumbu, ana ta gardama a kan tsadar taki.