Haƙora tara da talatin da bakwai

Na je Ditiroit karatu a 1971, kuma da yake kuɗin makaranta ba sa isa, sai na riƙa aikin yamma a wani gareji. Maigidana wani dattijo ne Baƙar fata, mai ƙarancin magana. A hannunsa na san irin motocin da Amurkawa ke yi wa kirari da masu ƙwanji: jiki madaidaici, inji ƙato mai silinda takwas, ƙarfin duk yana tafiya tayoyin baya.

Bayan shekara biyu na tara abin da na sayi tsohuwar Mustang ta 1969. Samari a lokacin suna tsere daga danja zuwa danja a titin Woodward da daddare, ni ma ƙuruciya ta ja ni. Kullum ana bari na a baya. Aka ce mini laifin yana aksul.

A cikin aksul ɗin baya akwai giya biyu masu cin juna: ƙarama da farfela ke juyawa, da babbar zobe mai juya tayoyi. Tawa, zoben haƙora 39 ne, ƙaramar 13, wato farfela ta juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. Shi ne 3.00. Ni kuwa 4.11 nake so, haƙora 37 da 9. Aksul ɗin motar, na Ford mai inci tara, yana da sauƙin sha'ani, don ana zare kan giyar gaba ɗaya a ɗora a tebur. Su can kabewa suke ce masa, kuma wallahi ya yi kama da ita.

Da na faɗa wa maigida, tambaya ɗaya ya yi: "Yaro, ina kake zuwa da motar nan kullum?" Na ce makaranta da aiki, wani lokaci Shikago wurin 'yan'uwa. Ya kaɗa kai, ya miƙo mini kayan aiki.

Kwana biyu muka yi a kai. Sai an shafa wani fenti rawaya a haƙora, a juya, a duba inda suka taɓa juna. Ratar da ke tsakani kuma ba ta wuce kaurin takarda biyu ko uku ba. Sau biyar ya sa na kwance. In aka yi ganganci a nan, aksul ya yi ta kuka ke nan har ya ci kansa.

Tashin farko kam, na taka totur sai da bayana ya manne da kujera. Na yi mako biyu ina jin kaina sarkin Woodward.

Sai tafiyar Shikago, kusan mil 280. Injin da a da yake juyi kamar 2,300 a minti ina gudun mil 60, yanzu ya kusa 3,200. Ƙara ta cika mota, zafi ya hau, maleji yana nuna 82 don na manta ban sauya ƙaramar giyarsa ba. Allurar tanki kuwa ina kallo tana sauka. A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, layi ya miƙe a gidajen mai, ni da ɗan guzirina na ɗalibi ina ciki da motar da na ƙara wa ƙishirwa da hannuna.

Abin da ban gane ba a lokacin, giya ba ta ƙara wa inji ko ƙarfin doki ɗaya. Ƙarfin da na samu a tashi, daga doguwar tafiya na ranto shi, kuma tseren bai fi minti biyar a mako ba. Daga baya na ga irin wannan rancen wajen zaɓen aiki, har da wajen gina gidan da ya fi ƙarfin albashina.

Da hunturu ya shigo na koma wurin maigida kaina a sunkuye. Bai ce "ai na faɗa maka" ba. Ya shiga sito ya fito da 3.50 a cikin tsumma mai maiƙo, ya ce tun ranar da na tambayi 4.11 ya ajiye mini ita.