Balan: Daga Kwalkwalin Kanajeji Zuwa Hular Kwanon Rasha

Duk Bakanon da ya san asalin birninsa ya san cewa ƙasar Gaya na bin sa bashi. Ruwayar da muka gada ta ce maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka taso neman tama har suka yada zango a gindin Dala. Wannan bashi ne ya sa na kama hanyar gabas a ƙarshen kakar nan, domin in ga abin da ya saura na ƙira a ƙasar da ta haifi maƙeran.

Daga Kano sai Wudil, inda makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda take. Matafiyi zai haye gada, sannan ya saki babban titi ya nufi Gaya. Balan mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Gaya, ƙasar gero da dawa da gyaɗa, wadda mutanenta ke cuɗanya da na Ajingi a kasuwa da auratayya. Na iske an kammala girbi, karan dawa jingim a gonaki, amalanke na kai da kawo.

A wata rumfar mai shayi na zauna, kusa da wasu samari da suka haɗa kai a kan waya ɗaya. Bidiyon sojan Rasha suke kallo, kuma abin da suka sani game da shi ya ba ni mamaki. Sun san sunan kayan da ke jikinsa, Ratnik, waɗanda aka fara raba wa dakarun ƙasar wajen 2015: rigar sulke ta zamani, na'urar sadarwa, da hular kwano samfurin 6B47 wadda ba ƙarfe ba ce, wani zare ne mai tauri da aka matse, nauyinta kimanin kilo ɗaya. Sun san bindigar AK-12 da rundunar ta karɓa a 2018, jikanyar AK-47 ɗin da Mikhail Kalashnikov ya ƙera a 1947. Ɗayansu ma ya tuna mini cewa sojojin Rasha masu ba da horo sun sauka a Yamai a watan Afrilun 2024. Da na tambaye su mene ne lifidi, sai aka yi tsit. Wani ya ce yana jin sarauta ce. Bai yi kuskure ba, amma rabin amsar ke nan.

Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke fagen yaƙi. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga a ɗinke ta gida-gida, a sa wa doki, a sa wa mahayinsa. Kibiya mai dafi kan maƙale a cikinta ba ta kai ga fata ba. Aibinta nauyi da zafi, ga tsoron wuta, don haka maharba kan cinna wa kibiya wuta idan sun hangi 'yan lifidi. Kwalkwali kuwa hula ce mai tauri da ake yi wa ado da gashin jimina, shi kuma sulke ƙananan zobban ƙarfe ne dubbai da aka sarƙa. Wanda ya dubi wannan shiri da kyau zai ga tunani ɗaya ne da na injiniyan Rasha: a tsare kai da ƙirji, ba tare da an danne mayaƙi da nauyin da zai hana shi motsi ba.

Kada mai karatu ya zaci a da komai namu na gida ne. Akasarin sulke ta Sahara fatake suka kawo shi. Bindiga ma baƙuwa ce: a zamanin Sarki Kumbari, tsakanin 1731 da 1743, aka ambaci shigowarta tare da garkuwoyi daga Nufe, kuma Babba Zaki ne ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. Sai dai duk abin da ya shigo yakan tarar da hannun da zai gyara shi, ya kwaikwaye shi. Mashi da kan kibiya da linzami aikin maƙerinmu ne, lifidi aikin maɗinki, kube da sirdi aikin baduku. Wannan sarƙa ce ta tsinke a ranar 3 ga Fabrairun 1903, lokacin da dakarun Kanar Morland suka shiga Kano da igwa da bindiga mai sarrafa kanta. Makonni kaɗan bayan haka, a Kwatarkwashi, mahayan Kano suka yi ta afka wa harsashi har Waziri Ahmadu ya faɗi. Tun daga nan sulke ya koma kayan hawan salla.

Da la'asar aka raka ni wata maƙera a gefen gari. Dattijo ne zaune gaban uwar maƙera, jikansa na zuga, shi kuma yana fitar da bakin fartanya daga wani guntun sifirin ɗin mota. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ko akwai mai ƙera takobi a nan yanzu?" Ya ajiye awartaki ya ce, "Ɗana, wa zai saya? Lauje da garma su ke ba ni tuwo." Ya ce kakansa ya san dutsen da ake fitar da tama daga cikinsa, mahaifinsa ya ji labari kawai, shi kuwa kasuwa yake zuwa ya sayi tsohon ƙarfe. Sa'an nan ya shiga ɗaki ya fito da wani kan mashi da tsatsa ta cinye, ya nuna mini yadda aka naɗe gindinsa domin ya kama sanda. Jikan ya tsaya yana kallo kamar yau ya fara ganinsa.

Abin da ya dame ni ke nan. Kalashnikov ta zama ruwan dare a dazuzzukan Zamfara da Katsina, yaranmu sun haddace lambobinta, kamfanin ƙera makamai na DICON da aka kafa a Kaduna tun 1964 ma ya yi tasa irinta. Amma ilimin da ke kan wannan dattijo babu wanda ya rubuta shi. Masarautar Gaya, wadda ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, na iya ware ɗaki guda ta tattara sulke da kwalkwali da masun da ke ruɓewa a gidajen masu sarauta, kamar yadda Gidan Makama ya yi a birni. Jami'ar kimiyya da fasaha kuma tana nan Wudil, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Ɗalibin injiniya ɗaya da waya mai ɗaukar murya ya isa ya zauna da maƙeran Balan da na Ajingi mako guda, ya tambaye su da wane gawayi ake narka tama, da yadda ake gane ƙarfe ya nuna daga launin wutarsa.